Ina Ne Garinku? Tambayar Da Ke Kayar Da Yaranmu A Jarrabawar Turanci

Ran nan da la'asar, bayan an tashi makaranta, ina zaune a gindin dogon-yaro ina duba littattafan 'yan aji shida, sai ga wata tsohuwar ɗalibata ta yi sallama. Rabona da ita ya fi shekara goma. Ta girma, ta gama makarantar koyon aikin jinya, har ta yi shekara uku tana aiki a wani asibiti. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ta ce duk lafiya. Sa'an nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, taimako na zo nema. Na zauna jarrabawar Turanci ta masu neman aiki a Ingila. Na ci karatu, na ci rubutu, na ci sauraro, amma magana ta kayar da ni."

Na yi mamaki ƙwarai, gama yarinyar nan tun tana aji huɗu bakinta ba ya hutawa. Ita nakan sa ta karanta labari a gaban aji idan mun yi baƙi. Na ce, "'Yata, me aka tambaye ki da ya gagare ki haka?"

Ta ce, "Garinmu, Malam."

Ga yadda abin ya faru. Ita mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Bukkuyum, wurin kawunta ta zauna lokacin da take makarantarmu. Da mai jarrabawar ya tambaye ta garinsu, sai ta ji nauyin ambaton Zamfara, domin ta san irin labarin da ake ji game da mu a rediyo. Sai ta ce masa ita 'yar Abuja ce. Abuja kuwa sau biyu tak ta taɓa zuwa. Ya ce, me ta fi so a garin? Ta ce tituna masu kyau. Ya ce, garin ya sāke daga yadda ta san shi tana ƙarama? Nan fa ido ya raina fata. Ta yi shiru, ta ce i, ta sāke yin shiru. Tun daga wannan minti zuciyarta ta rikice, sauran tambayoyin duka ta amsa su da ƙyar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu iya magana, ga shi kuwa ta faɗa ciki tun ba a yi minti biyu da farawa ba.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, ba ita kaɗai ba ce. A gidajenmu da yawa akwai ɗa ko 'ya da ke shirin irin wannan jarrabawa, waɗansu don neman ƙarin ilmi a waje, waɗansu don aiki. Iyaye suna sayar da hatsi da tumaki su biya kuɗin, kuɗin kuwa ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, ban da kuɗin mota zuwa Kano ko Abuja da na masauki. Ya kamata mu san abin da ake yi wa yaranmu a cikin ɗakin nan.

Yadda Jarrabawar Take

Sunanta IELTS. An fara ta a shekarar 1989, British Council ce ke gudanar da ita tare da IDP ta Ostireliya da sashen jarrabawa na Jami'ar Kambirij. Kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu, da magana. Maganar ita ce mafi gajarta, minti 11 zuwa 14 ne kawai, kai da mai jarrabawa, ana kuwa ɗaukar muryarku.

An raba maganar kashi uku. A kashi na fari, wajen minti huɗu zuwa biyar, ana tambayarka abubuwan da suka shafi kanka: gidanku, garinku, aikinka ko karatunka, abin da kake sha'awa. A na biyu sai a ba ka kati mai ɗauke da wani batu, a ba ka minti ɗaya ka yi tunani ka ɗan rubuta abin tuni, sa'an nan ka yi magana kai kaɗai har minti biyu. Sau da yawa katin yakan ce ka kwatanta wani wuri da ka sani. A na uku kuma ku tattauna batun da zurfi. Ka ga ke nan maganar gida da gari tana iya tarar mutum tun daga bakin ƙofa, ta kuma sāke jiransa a gaba.

Abu huɗu mai jarrabawar yake aunawa: yadda maganarka ke gudana a haɗe ba tare da yawan tsayawa ba, yawan kalmomin da kake iya juyawa, nahawunka, da furucinka. Maki daga 0 ne zuwa 9. Majalisar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista a Birtaniya tana neman 7 a magana, da sauraro, da karatu, ta yarda da 6.5 a rubutu. Wanda ya ci uku ya faɗi ɗaya, bai ci ba tukuna. Sakamakon kuma shekara biyu akan karɓe shi.

Ku lura da abin da babu a cikin huɗun nan. Babu makin girman gari. Mai jarrabawar ba ya ƙara wa ɗan Legas ko rabin maki don garinsu yana da gadoji, ba ya kuma rage wa ɗan Bagega don hanyarsu ba kwalta. Ba ya ma binciken ko abin da ka faɗa gaskiya ne. Harshenka yake saurare. To, harshe kuwa ba ya gudu sai a kan abin da zuciya ta sani. Wanda yake ƙirƙiro gari yana aiki biyu a lokaci ɗaya, yana ƙaga labari yana kuma neman Turancinsa. Wanda yake faɗin garinsu na ainihi aiki ɗaya ne a gabansa.

Laifin Namu Ne, Mu Malamai

Ba zan ɗora wa yarinyar nan laifi duka ba. Ni ma da nawa a ciki. Shekara da shekaru nakan rubuta wa yara insha'i a allo mai suna Garinmu, su kwafa, su haddace. Garinmu babba ne, yana da kasuwa, yana da asibiti, mutanensa masu kirki ne. Yara arba'in daga garuruwa goma sha, amma gari ɗaya suke rubutawa, garin da babu shi a ko'ina. Nakan ba su maki mai kyau in yi murna. Ashe ina koya musu cewa Turanci na haddacewa ne, garinsu na gaskiya kuwa bai isa a sa shi cikin Turanci ba.

Sa'an nan ga jarrabawar fita sakandare. A takardar Turanci ta WAEC akwai kashin da ake kira na furuci, amma a Nijeriya da fensir ake yinsa. Yaro zai zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, ya nuna wace kalma ce sautinta ya yi daidai da wata, ya fita da kiredit bai buɗe baki ko sau ɗaya ba. Yakan yiwu ranar IELTS ita ce rana ta fari a duniya da wani ya zaunar da shi ya ce ya yi Turanci na minti goma ba tsayawa.

Masu jarrabawar kuma an horar da su su gane amsar da aka haddace. Da sun ji murya ta miƙe kamar mai karanta allo, sai su juya tambayar ta wata fuska, mai hadda ya rasa inda zai kama. Don haka takardun amsoshi da ake sayar wa yaranmu, ko waɗanda suke samu a waya, ba su da amfani kamar yadda ake zato.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi, shi ne tarbiyyarmu. Mun koya wa yaranmu kunya, mun kuwa yi daidai. Babba ya yi tambaya, yaro ya dubi ƙasa ya amsa a taƙaice. Aka ce yaya gida, amsa ita ce lafiya lau, ko da rufin ɗaki ya faɗi daren jiya. Yarinya mai surutu a gaban baƙo akan ce ba ta da natsuwa. Amma a ɗakin jarrabawa, i da a'a ba su ba mai aunawa abin da zai auna ba. Dole yaro ya gane cewa na minti goma sha huɗun nan, ladabi shi ne ya ba da amsa cikakkiya. Ba dogon wa'azi ba. Jimla biyu ko uku sun isa a kashi na fari: ka ba da amsa, ka faɗi dalili, ka kawo misali ɗaya, ka tsaya.

Wani ƙaramin tarko kuma. Idan aka ce wa Bahaushe ina ne garinku, garin kakansa yake faɗa, ko da a Gusau aka haife shi. Bature kuwa yakan nufi inda ka tashi. Wata tambaya daban ce idan ya ce ina kake zaune yanzu, wata kuma daban idan ya ce kwatanta gidan da kake ciki. A saurara da kyau. Idan ba a ji ba, babu laifi a roƙe shi ya maimaita. Wanda asalinsa Anka ne amma a Gusau ya girma, sai ya faɗi haka kai tsaye, ya ma sami jimla mai kyau kyauta.

Me Za Ka Ce Game Da Garinku?

Na ce wa ɗalibata, "To, faɗa mini ƙauyenku da Hausa tukuna." Ta yi dariya ta ce ai babu komai a can. Na ce daga tashar Gusau yaya zan je? Nan take baki ya buɗe. Ta ce in bi hanyar Sakkwato, in ratse a Mayanci, in wuce Anka, in kama hanyar da ta nufi Daki Takwas, inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta yi Gummi ɗaya ta gangara Zuru. Ta faɗa mini inda ake sauka a hau babur, da inda babur ba ya wucewa da damina. Ta yi minti biyar tana magana a kan garin da babu komai.

Gaskiyar magana, yammacin Zamfara yana da abin faɗa fiye da garuruwa da yawa da yaranmu ke aro.

Ɗauki Gulbin Zamfara. Shi ne ya ratsa ƙasar Anka, da Bukkuyum, da Gummi, ya shiga Jihar Kebbi, ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Yaron da ya tashi a bakinsa yana da amsar tambaya goma. Ya san yadda yake cika da damina har sai an shiga kwalekwale, ya san yadda yake janyewa da rani ya bar yashi da fadama, mutane su fita noman albasa da sauran kayan lambu. Ya san shinkafa, ya san su, ya san wanka a gulbi da dukan da ya sha saboda shi. Ya san haɗarinsa kuma, gama a watan Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa a Gummi, a watan Satumba na shekarar kuma kwalekwale ya kife da manoma masu tafiya gonakinsu. Idan aka ce masa wane lokaci ne ya fi kyau baƙo ya ziyarci garinku, yana da amsa da dalilinta: bayan kaka, sa'ad da aka cika rumbuna, hanya ta bushe, zafi bai sauko ba.

Ɗan Anka kuwa tarihi ne a hannunsa. Sarakunan Zamfara na dā sun zauna a Dutsi, daga baya a Birnin Zamfara. A ƙarni na 18 Gobirawa suka ci birnin, suka kafa Alkalawa a ƙasar. Zuriyar sarakunan ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ta zauna a Anka a ƙarni na 19. Shi ya sa Sarkin Anka yake riƙe da sarautar Sarkin Zamfara. Sa'ad da aka yanke jihar daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, sunan tsohuwar daular nan aka ba ta. Yaron da ya ce wa mai jarrabawa, garinmu ƙarami ne amma jiharmu duka daga sarautar da ke garinmu ta sami suna, ya faɗi abin da zai sa kowa ya ɗaga kai.

Ɗan Gummi, idan aka tambaye shi ko akwai wani sananne daga garinsu, ba sai ya yi dogon tunani ba. A nan aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Ko kai Kirista ne ko Musulmi, ɗan garinku ne, sunan garin kuma ta wurinsa ya kai ƙasashe da yawa.

Amma kada a ɗauka sai an haddace shekaru. Ba jarrabawar tarihi ba ce. Na kawo waɗannan ne domin yaro ya daina ganin garinsu kamar abin ɓoyo. Ƙananan abubuwa ma sun fi daɗin faɗa: ƙarar turmi da asuba, ƙanshin ƙasa ranar ruwan fari, jakuna ranar kasuwa, tsamiyar da tsofaffi ke zama a gindinta.

Kalmomin Da Turanci Ba Shi Da Su

Nan ne yara da yawa suke tsayawa cik. Suna so su ce zaure, ko rumbu, ko fadama, ko gayya, su nemi kalmar Turanci su rasa, sai su yi shiru, ko su bar zancen gaba ɗaya. Wannan hasara ce, domin kewaya kalma da bayani yana cikin abin da ake ba maki a kansa. Ka faɗi kalmar da Hausa, ka bayyana ta da Turanci mai sauƙi. Zaure: ɗakin da ke ƙofar gida, ta cikinsa ake shiga, a nan maigida yake karɓar baƙi. Rumbu: ɗan ɗaki zagayayye na laka ko na kara, an ɗaga shi daga ƙasa, ana ajiye gero da dawa a ciki. Gayya: ranar da samarin gari suke taruwa su nome gonar mutum ɗaya, shi kuwa ya ciyar da su. Kowace ɗaya ta ba ka jimla biyu masu rai. Wanda ya ce yana zaune a bene mai ɗaki uku ba shi da irin wannan dama.

Hunturu yana da suna a Turanci, wato harmattan, kalmar ma daga Afirka ta Yamma Turawa suka are ta. A riƙe ta, tana da amfani wajen maganar yanayi.

Game da furuci kuwa, kada kowa ya wahalar da kansa yana kwaikwayon mutanen Landan. Ba a rage maki don an ji kai ɗan Nijeriya ne, muddin ana gane abin da kake faɗa. Abin lura a gare mu Hausawa kaɗan ne, mun kuwa san su. Muna haɗa p da f, har pan da fan su zama ɗaya. Muna mai da v ta zama b. Muna cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, yadda muka mai da sunan makaranta sukul. Muna kuma haɗiye ƙarshen kalma, a nan ne kuwa Turanci yake ɓoye alamar jam'i da ta abin da ya wuce. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci, domin tambayar yadda gari ya sāke tana bukatar dā da yanzu, idan ƙarshen kalmominka ba ya fita, mai jarrabawa zai zaci nahawun ne ba ka sani ba.

Abin Da Yake Da Wuyar Faɗa

Yanzu mu zo ga abin da ya sa yarinyar nan ta gudu zuwa Abuja da bakinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duniya ta san sunan Anka da Bukkuyum ta hanya biyu, dukansu masu zafi.

Ta fari ita ce gubar dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a waɗansu ƙauyuka, bayan jijjiga da fita hayyaci. Bincike ya nuna duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, yara masu rarrafe su sa hannu a ƙasa su kai baki. Yara fiye da 400 suka mutu. Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega: sunayen nan sun shiga jaridun duniya. Maganin ya zama aiki biyu. Sai an fara kankare ƙasar saman kowane gida an kwashe, an zuba sabuwa mai tsabta, sa'an nan a ba yaro maganin da ke janye dalma daga jini, gama idan aka yi masa magani ya koma cikin ƙurar, aikin banza ne. Da Dareta da Yargalma aka fara a 2010. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin ya fito. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Ta biyu ita ce 'yan bindiga. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, mutum ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba. A farkon Janairu 2022 aka auka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma cikin gari. Ga irin waɗannan, tambayar ina kake zaune ba ƙaramar tambaya ba ce. Gidan da ya sani an ƙone shi, ɗakin da yake kwana kuwa na aro ne.

Da muka iso nan, ɗalibata ta fara hawaye. Ƙanwar mahaifiyarta ta rasa yara biyu a shekarar dalma. Na bar ta ta yi kukanta. Da ta natsu na ce mata, tsoron da ta ji a ɗakin jarrabawa ba wauta ba ne. Ta ji tsoron idan ta taɓa maganar, murya za ta karye. Abin da ba ta yi ba shi ne, ba ta shirya tun daga gida iyakar inda za ta tsaya ba.

Shawarata ga kowa ita ce wannan. Ba dole ba ne ka faɗi baƙin cikinka ga baƙo. Ba dole ba ne kuma ka ɓoye garinku saboda shi. Ka shirya jimla biyu da za ka iya faɗa ba tare da zuciya ta tsinke ba. Misali, idan aka ce me ba ka so game da garinku, kana iya cewa tafiya ta yi wuya a 'yan shekarun nan saboda rashin tsaro, don haka ba ka zuwa gida yadda kake so, kana kuwa kewar kasuwa da gulbi. Gaskiya ce, ta isa, ta kuma mai da zancen inda ƙafarka take da ƙarfi. Mai jarrabawa ba zai tona ba, lokacinsa kaɗan ne, zai wuce zuwa wata tambaya. Idan ma ya katse ka a tsakiyar magana, agogo yake bi, ba alamar ka yi kuskure ba ce.

Wanda kuwa zuciyarsa za ta iya ɗauka, labarin dalma abin faɗa ne mai nauyi, musamman ga ma'aikaciyar jinya. Idan a kashi na uku aka zo maganar lafiyar jama'a, ko gurɓatar muhalli, ko abin da ke raba ƙauye da birni, 'yar Bukkuyum tana da abin da ta gani da idonta, wanda ɗan birni a littafi kawai ya karanta.

Ba zan ɓoye muku ba, raina bai so tafiyarta ba. Asibitocinmu suna bukatar irinta fiye da na Ingila, na kuwa faɗa mata haka. Ta ce, "Malam, ƙannena huɗu ne, gonar Baba kuwa shekara uku ke nan ba a shiga ba." Ban sami abin cewa ba.

Abin Da Gida Zai Iya Yi

Ya ku iyaye, ba sai kun iya Turanci za ku taimaka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da zai iya ba da labarin garinsu da Hausa tiryan-tiryan ya yi rabin aikin, saura juyawa. Da dare bayan tuwo, ku ba yara labarin yadda garin yake sa'ad da kuke ƙanana: inda kasuwa take dā, shekarar da aka kawo kwalta, yadda ake haye gulbi, wanda ya haƙa rijiyar unguwa. Ku bar su su yi tambaya. Kakanni sun fi kowa iya wannan. Yara da yawa da aka haifa a gari ba su san komai game da ƙauyen iyayensu ba sai labarin harbi, domin shi kaɗai suke ji ana yi.

Mai shirin jarrabawa kuma ya nemi aboki ɗaya, su riƙa zama fuska da fuska, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa, agogo a gabansu. Ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara. Da fari zai ji kunyar kansa, amma a nan zai ji inda yake tsayawa da inda yake haɗiye kalma. Kada ya rubuta amsa ya haddace. Ya rubuta kalmomi biyar ko shida kawai, gulbi, kasuwa, zaure, damina, hanya, kowace rana ya faɗe su ta sabuwar hanya. Ya kuma sa abokin ya riƙa jefo tambayar da bai zata ba: garin ya dace da tsofaffi? Za ka so ka koma can da zama? Me za ka sāke in an ba ka iko?

Ni ma na sāke hali a aji. Na daina rubuta Garinmu a allo. Kowace Juma'a yaro ɗaya yakan tsaya ya yi mana minti biyu a kan inda ya fito, sauran su yi masa tambaya. Makon jiya wani ɗan Gummi ya kwatanta mana yadda ake kama kifi da gora, da Turancinsa mai karyayyen ƙafa, aji kuwa ya yi tsit.

Ɗalibata ta yi wata biyu tana zuwa kowace Asabar. Ranar ƙarshe kafin ta tafi Kano, na zaunar da ita a ofis, na ajiye agogo a tebur, na ɗaure fuska kamar ban taɓa ganinta ba. Na tambaye ta garinsu da Turanci. Ta dube ni ta ce ita daga wani ƙaramin ƙauye take kusa da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, a arewa maso yammacin Nijeriya. Ta ce yawancin mutanensu manoma ne, akwai gulbi kusa da su, da rani yara sukan haye shi da ƙafa amma da damina sai da kwalekwale. Na ce garin ya sāke? Ta ɗan yi jim. Sa'an nan ta ce ya sāke ƙwarai, dā sukan kwana a waje lokacin zafi, yanzu ba mai yin haka, iyalai da yawa kuma sun koma cikin gari, amma kakarta ta ƙi tashi, ta ce ba za ta bar kukar da ke bayan gidanta ba.

Na ce kuka mece ce? Ta yi murmushi, ta gyara zama, ta fara yi mini bayanin itacen da miyarsa. Sai da na ɗaga hannu na ce lokaci ya cika.